Kufan Satiru: A Kiyaye Shi, A Je A Gani

   Gaisuwa ta musamman ga mutanen Danchadi, da na Boɗinga da Sifawa, da na Dange da Shuni, har zuwa Shagari. Sharhin yau naku ne fiye da na kowa, domin a ƙofar gidanku abin yake.

A kan kufai zan yi magana. Kufan Satiru. Abin da nake son faɗa guda ɗaya ne, kuma za ku ji ina maimaita shi. A kiyaye wurin nan. A je a gan shi. A tsaya a kansa a gaya wa yara abin da ya faru, ba ƙari, ba ragi.

Amma kafin mu iso gida, ku ba ni dama mu ɗan leƙa Turai. Akwai abin da nake so ku gani a can.

A Ingila akwai wani birni, ana kiransa Kobantiri. A daren 14 ga Nuwamba, 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus suka yi wa birnin ruwan bama-bamai. Mutum fiye da 500 suka mutu. Babban cocin garin, wanda ya shekara ɗaruruwa a tsaye, ya kama da wuta. Kafin gari ya waye rufinsa ya rufta. Sai bangaye da hasumiya suka rage.

Da yaƙi ya ƙare, mutanen garin suna da halin share wurin su ɗora sabon gini a kai. Suka ƙi. Sabon cocin a gefe suka gina shi, aka buɗe shi a 1962. Tsohon kuwa suka bar shi yadda wuta ta bar shi. Yau in ka shiga, sararin sama ne rufinka. Tagogi ba gilashi. In ana ruwa, a kanka zai sauka, a daidai inda jama'a ke zaman ibada a da.

Shugaban limaman cocin na lokacin, Richard Howard, ya sa aka rubuta gajeriyar addu'ar neman gafara a jikin bangon. Bai ware Jamusawa ya ce su kaɗai ke bukatar gafara ba. Ya bar addu'ar ta haɗa kowa, har da mutanensa. Ku riƙe wannan, jama'a. Zai yi mana amfani nan gaba.

Bayan shekara uku, a Nuwamban 1943, jiragen Ingila suka kai nasu harin birnin Barlin. Cocin tunawa da Sarki Wilhelm ya ƙone. Bayan yaƙi aka shirya rushe guntun hasumiyarsa. Mutanen gari suka tashi suka ce a'a. Har yau tana nan tsakiyar kantuna da motoci, da kanta a fashe. A cikinta akwai gicciyen ƙusa da aka kawo daga Kobantiri, garin da jiragen Jamus suka ƙona.

Wuri na uku shi ya fi kama da namu. Wani ƙauye ne a Faransa, Oradur. Ran 10 ga Yuni, 1944, sojojin Jamus suka kewaye shi. Suka harbe maza. Mata da yara suka kulle su cikin coci, suka cinna wuta. Rai fiye da 640 suka salwanta a yini ɗaya. Janar Digol ya ce kada a taɓa ko dutse ɗaya. Sabon ƙauye a kusa aka gina shi. Tsohon yana nan, da ƙonannun motoci da kekunan ɗinki cikin kangayen gidaje. A 2013 shugaban ƙasar Jamus da kansa ya je ya tsaya cikin cocin nan tare da shugaban Faransa.

To, mun ga na wasu. Yanzu mu dawo gida.

Satiru gari ne kimanin mil 14 kudu da birnin Sakkwato, inda ƙasar Danchadi da ta Dange da ta Shuni da ta Boɗinga suka haɗa iyaka. A ƙarshen ƙarni na 19 aka kafa shi. Su wa suka zauna a ciki? Malamai marasa hali da almajiransu. Talakawan da suka gaji da biyan masu sarauta. Da bayi da yawa da suka gudo daga rinji. Gari ne na waɗanda ba su da kowa a fada.

Ku tuna zamanin. A watan Maris na 1903 Turawa suka ci Sakkwato, bayan karon Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas da jama'arsa, ya yi shahada a Burmi cikin wannan shekarar. Turawa suka naɗa Muhammadu Attahiru na biyu. Duniyar da mutane suka sani ta kife a gaban idonsu. Da yawa suka ɗauka ƙarshen zamani ne ya zo.

A 1904 shugaban Satiru, Malam Maikaho, ya ce shi ne Mahadi. Aka kama shi aka kai Sakkwato, ya mutu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi. Sai ga wani makahon malami Bazabarme ya iso, wanda aka fi sani da Ɗan Makaho. Daga ƙasar Doso ya tsero, bayan boren da aka yi wa Faransawa a Kobkitanda. Zuwansa ya ƙara wa wutar itace. Satirawa suka ƙi haraji. Suka shiga kiran maƙwabta su bi su.

Ran 13 ga Fabrairu, 1906, suka auka wa ƙauyen Tsomau da ya ƙi amsa kiran. Aka kashe mutane. Washegari muƙaddashin Razdan, Hillary, ya fito daga Sakkwato da sojan doki, da niyyar kamo shugabannin. Ya raina abin. Ya wuce gaba wai zai yi musu magana. Satirawa suka yo kansu da gatari da fartanya da kwari da baka. Dawaki suka firgita. Sahu ya watse. Bindiga mai ruwa ma ba a samu damar ɗana ta ba. Cikin ɗan lokaci aka kashe Hillary, da mataimakinsa Scott, da hafsan sojan, Blackwood, da sojoji kimanin 25. Bindigar kuwa Satirawa suka tafi da ita. Malam Isa shi ma ya samu rauni a wannan karo, bai tashi ba.

Tun da Turawa suka kafa mulkinsu a Arewa ba a taɓa yi musu irin wannan kaye ba. Kuma manoma ne suka yi shi.

Hankalin Gwamna Lugga ya tashi. Yawancin sojansa suna can ƙasar Tibi. Ya kira su da gaggawa. Kafin su iso, Marafa Muhammadu Maiturare ya kai wa Satiru hari da mayaƙan Sakkwato, bai samu nasara ba. Cikin makonnin nan kuma Satirawa suka ƙona garuruwan da suke ganin suna tare da masu mulki. Danchadi na ciki. Dange na ciki.

Sai ran 10 ga Maris. Sojan Turawa fiye da 500, da bindigogi masu ruwa, ƙarƙashin Manjo Goodwin. Bayansu mahayan Sarkin Musulmi. Satirawa suka sake fitowa da makaman gona, suna tunkarar bakin bindiga. Wannan karon sahu bai watse ba. Aka yi ta harbi. Waɗanda suka gudu aka bi su da dawaki cikin daji. Masana tarihi sun ƙiyasta mutum kimanin 2,000 aka kashe. Mata da yara kimanin 3,000 aka kora aka rarraba. Ɗan Makaho aka kama shi, aka yanke masa hukunci, aka kashe shi a kasuwar Sakkwato. Garin aka ƙone shi, aka baje bangayensa. Sarkin Musulmi ya yi Allah wadai da duk wanda zai sake gini ko noma a wurin.

Labarin ya kai Landan. Winston Churchill, a lokacin yana ƙaramin minista a ofishin mulkin mallaka, ya rubuta rashin jin daɗinsa da yadda aka karkashe jama'ar da kusan ba su da makami. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Satiru bai sake zama gari ba.

Yanzu, masu sauraro, ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani.

Kobantiri kango ne. Oradur kufai ne. Satiru ma kufai ne. Amma dalilin barinsu ya bambanta. Na Turai an bar su ne don a riƙa tunawa da waɗanda suka mutu. Namu an bar shi ne don ya zama horo, don a tsorata na baya, don sunan garin ya ɓace. Shekara fiye da 100 ke nan. Waɗanda suka ba da umarnin baje garin sun tafi. Mulkinsu ya tafi. Me ya sa har yau za mu bar wurin a kan manufar da suka ajiye shi? Ƙasarmu ce. Mamatan namu ne. Shi ya sa nake cewa a kiyaye wurin nan, a je a gan shi, a gaya wa yara.

Na san akwai masu ja da wannan magana. Kuma jansu yana da nauyi. Bari mu ɗauke shi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko daga Danchadi zai fito. Wani dattijo zai ce, ɗana, kana neman a girmama mutanen da suka ƙona garin kakanninmu? Baba, maganarka gaskiya ce, kuma ba mai ikon share ta. An ƙona Danchadi. An zubar da jini a Tsomau tun kafin Bature ya harba harsashi ko ɗaya. Waɗanda suka rasa rumbunansu da 'yan'uwansu a lokacin, su ma talakawa ne. Duk labarin Satiru da ya tsallake wannan, rabin labari ne. Don haka allon da za a kafa a kufan nan dole ya ɗauki sunan Tsomau, da na Danchadi, da na Dange. Dole ya ambaci sojojin nan 25. Su ma baƙar fata ne, 'yan ƙasar nan, da iyayensu mata da suka jira su ba su dawo ba. Kun tuna addu'ar bangon Kobantiri, wadda ta haɗa kowa? Irin wannan wuri nake nufi. Wurin da jikan wanda aka ƙona wa gida da jikan wanda aka harbe za su iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa.

Ina ma ganin mutanen Danchadi su suka fi dacewa su shige gaba. In wanda aka yi wa ɓarna ya ce a tuna da kowa, ba mai bakin musu.

Ja na biyu na malamai ne. Za su ce da'awar Mahadin nan ƙarya ce, kuma malaman Sakkwato ba su yarda da ita ba tun a lokacin. Haka ne, Allah gafarta malam. Zamani ma ya tabbatar. Amma kiyaye wuri daban, amincewa da aƙidar shugabanninsa daban. Matan nan da yaran nan da aka kora, wace da'awa suka yi? Bawan da ya gudo yana neman inda zai noma abin kansa, me ya sani game da alamomin Mahadi? Kuma a nan ne ma darasin yake. Matashi ya je ya ga inda wa'azi mai zafi ya kai mayunwata gaban bindiga. Mai mulki ya je ya ga abin da ke faruwa in an bar talaka ba mai jin kukansa, sannan aka ce maganinsa a shafe shi. Mun ga Maitatsine a Kano a 1980. Mun ga Maiduguri a 2009. Ba na cewa duka abu ɗaya ne. Kowanne da sanadinsa. Amma wanda ya san Satiru ba zai ce bai taɓa jin irin wannan hanya ba.

Ja na uku shi ne tsoron bidi'a. Kada wurin ya koma inda ake ɗibar ƙasa ana neman tabarruki. Wannan tsoro ne mai kyau, kuma da shi za a tsara aikin. Ba hubbare ake nema ba. Alhazanmu kowace shekara suna zuwa Uhudu in sun isa Madina. Suna ganin dutsen da maharba suka sauka. Suna yi wa shahidai sallama da addu'a. Ana gaya musu kuskuren da aka yi a ranar, ba a ɓoyewa. Su dawo gida da labarin a zuciyarsu, fiye da yadda suka karanta shi a littafi. Gani ya kori ji. Alƙur'ani mai girma ma ya umarce mu, a wurare da dama, mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance.

Ja na huɗu ba a cika faɗarsa da ƙarfi ba, amma yana nan. Shi ne kada a taɓa martabar gidan sarauta. A nan ina so in yi magana da ladabi, kuma in yi ta a fili. Sarkin Musulmi Attahiru na biyu yana cikin tsaka mai wuya. Shekara uku kacal da faɗuwar birni. Ya ga abin da bindiga mai ruwa ta yi a Giginya. Ya san abin da ya faru a Burmi. In ya bi Satiru, Sakkwato ce za ta sha wutar. Dubi Haɗeja, wadda Turawa suka auka wa a watan Afrilu na shekarar nan, har Sarki Muhammadu ya rasa ransa. Dubi Gwandu, inda aka tuɓe sarki bisa zargin yana da masaniya kan boren Satiru. Haka kuma gaskiya ne cewa masu sarauta suna da nasu abin karewa, haraji da bayin da ke gudu. Duka biyun tarihi ne. Faɗarsu ba ta rage wa gidan Shehu komai. Gidan da aka kafa kan ilimi da rubutu ba ya tsoron a karanta tarihinsa. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar tsohon soja ne. Ya san abin da yaƙi ke bari a bayansa. Ina roƙo, Allah ya ja zamaninsa, fadar ta sa albarka a wannan aiki. Kalma ɗaya daga can za ta cire wa mutane shakkar taka wurin.

To, mun ji masu ja. Yanzu sai mu tambaya, me za a kiyaye?

A nan muna da matsalar da Turawa ba su da ita. Cocinsu na dutse ne. Ko an ƙone shi, bango zai tsaya shekara ɗari. Mu kuwa da ƙasa da kara da zana muke gini. Kowace damina tana cin rabonta. Surame ta Kanta ta tsira ne saboda ganuwarta ta duwatsu, har ta shiga jerin wuraren tarihi na ƙasa. Kufan talakawa ba ya samun wannan gata. In ba a shata masa iyaka ba, wata rana sai a yi gardamar ma ina yake.

Saboda haka aikin ba na miliyoyi masu yawa ba ne. A shata filin, a kafa alama. In gonar wani ta faɗa ciki, a zauna da shi a biya shi haƙƙinsa. A dasa itatuwa, a yi rumfar da ɗalibai za su zauna. A kafa allo da Hausar boko da ajami, da Fulatanci. A ɗauki ɗan yankin, a koya masa labarin da kyau, ya zama mai yi wa baƙi bayani. Muna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Muna da masana tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Farfesa Adeleye ya yi rubutu kan Satiru tun shekarun 1970. Wasu masana sun biyo baya. Ilimin yana nan cikin takardu, da Turanci. Abin da ya rage a sauko da shi ƙasa, cikin harshen mutanen da abin ya faru a ƙasarsu.

Akwai kuma abin da ya fi filin saurin ɓacewa. Waɗanda suka ga ranar da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura jikokinsu, su ma sun tsufa. Matan nan da yaran nan da aka rarraba, zuriyarsu na nan cikinmu. Wata tsohuwa tana riƙe da abin da kakarta ta gaya mata da dare, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don ba wanda ya tambaye ta. Wannan shi ya fi damuna a duk al'amarin.

Wani zai ce, malam, muna fama da na yau, kana kawo mana na 1906. Na ji ka, ɗan'uwa. Na yau ɗin ne ya sa nake maganar. A gabashin jihar nan, wajen Sabon Birni da Isa da Rabah, akwai ƙauyukan da 'yan bindiga suka mayar kufai. An tayar da bam a cocin Madalla ranar Kirsimeti ta 2011. An tayar a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014. An jefa wa masu Mauludi bam a Tudun Biri a Disamban 2023. Mukan yi jana'iza, mu yi ta'aziyya, mu gyara gini, mu ci gaba da ibada. Hakan daidai ne, kuma haƙuri ne abin yabo. Amma yaron da za a haifa nan da shekara 30, ina zai je ya tsaya a gaya masa? In mun iya kiyaye Satiru, inda zafin ya huce, za mu koyi yadda za mu riƙe waɗannan, da har yanzu ciwonsu ɗanye ne.

Don haka ina sake faɗa. A kiyaye wurin nan. A je a gan shi. A gaya wa yara.

Masu sauraro, ga abin da nake roƙonku kafin mu rabu. Kai ɗan makaranta da ke Danchadi ko Dange ko Shuni, wayar nan da ke hannunka tana ɗaukar murya. Yau da dare ka je wurin kaka, ka gaishe ta, ka tambaye ta me ta ji game da Satiru, ka ɗauka ka adana. Malaman makarantunmu na Boɗinga da Shagari, ku nemi izinin hakimi da iyayen yara, ku duba lafiyar hanya, ku sa ranar 10 ga Maris cikin tsarinku. Iyayenmu hakimai da dagatai, ku kai maganar gaba. Limamanmu, in an je, ku ja mu addu'a ga duk wanda ya mutu a waɗannan makonni, na kowane ɓangare.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.